Rigar Baba a Firizar Hajiya

Treichville, Abidjan
Farkon damina

Zuwa ga Yayata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Malam da yara, da gwiwar nan taki mai tashi in hadari ya haɗu. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya hana mu sakat.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na san wayarki a hannun su Sadi take wuni, maganar kuwa ba ta kunnen yara ba ce, shi ya sa na ba Kailu direba ya kawo miki hannu da hannu.

Zancen matata ne, ƙanwarki Bushira. Kin san da izinina ta koma makaranta yin digiri na biyu, wanda nan suke ce wa masta, a kan aikin gidan adana kayan tarihi. Ranar da ta ce min za a koya mata kula da tsofaffin kaya dariya na yi, na ce in tsohon kaya ne ta biyo ni bakin tashar jirgin ruwa ta gani kyauta. To yanzu an tura ta koyon aiki wani gidan tarihi, kullum ta dawo jakarta cike da farar safar hannu da ƙyallen rufe hanci, sai ka ce mai aikin asibiti. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni, idonta ya faɗa kan akwatin Baba. Kin san rigar saƙinsa mai aska takwas da shafin alharini tana ciki, wadda kuka ce ni zan riƙe. Sau biyu tana ce min wai asu ya shiga akwatin, ta ga gari a ƙarƙashinsa. Na ce mata na zuba kafur tun bara, kuma kayan Baba ba na gidan kallo ba ne, kada in sake ganin hannunta a kai. Ta bar zancen asu. Amma sai ta koma yi min tambayoyi. Wa ya saƙa? Wa ya yi ɗinkin? Yaushe Baba ya sa ta na ƙarshe? Mai ɗinkin dai na ce ban san shi ba, gaskiya kuma ban sani ba. Da na ce mahaifiyar Baba ce ta kaɗa zaren da hannunta, sai ta gyara zama ta ce yaya sunanta.

Yaya, ke ma ki duba. Wane ne ke tambayar sunan uwar mutum in ba kin san su waye ba? Na ce mata na manta, na tashi na fita.

Ga shi kuma kwantenata ta fale-falen daɓe, wato tayil, ta maƙale a tashar jirgin ruwa. Yau a ce takarda, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Waɗanda kayansu suka iso bayan nawa har sun sayar. Ban ce akwai wani abu ba, ina dai faɗa miki ne. Yarinyar nan haihuwar garin nan ce, rabin zancenta Faransanci, in ita da ƙawayenta suka ɓarke da hira ni sai dai kallo. Ina son ta, kin sani, amma ban san abin da ake koya musu a makarantar nan ba.

Ki gaishe da Kawu Zaharadeen da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Abdulbaqi

*

Treichville, Abidjan

Yaya Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Amsarki ta iso, tare da kuka da daddawar, Allah ya saka da alheri. Na ji abin da kika ce, kada in tambaye ta komai, in zuba ido kawai, don mai irin wannan aikin in ya san an gane shi sauya hanya yake yi. Na zuba idon, ga abin da na gani.

Ina neman abin yanke farce a jakarta, wallahi ba bincike na je yi ba, sai ga wata 'yar kwalba. A ciki matattun ƙwari ne, da wani gari-gari, da ɗan guntun zare mai shuni. Zaren nan ko cikin barci aka nuna min na san na rigar Baba ne. Na mayar na rufe, na jira ta fita makaranta, na buɗe akwatin. Rawanin yana nan, hular tana nan, carbin yana nan. Riga babu.

Na zauna bakin gado na rasa abin da ke min daɗi. Da ta dawo ta gaishe ni kamar kullum, ta dafa min tuwo da kukarki, har tana tsokanata wai na fara tumbi irin na manyan 'yan kasuwa. Ni kuwa kowace loma sai na kalle ta kafin in kai baki. Abin kunya, Yaya, mutum yana jin tsoron tuwon matarsa.

Na kasa haɗiye maganar, na faɗa wa Mati, abokin nan nawa mai fitar wa mutane kaya daga hannun 'yan duwan, wato kwastan. Ya daɗe a garin nan fiye da ni. Ya riƙe baki ya ce tabɗi, ai nan in ana son ɗaure mutum, tufarsa ko ta ubansa ake ɗauka a naɗe a jefa cikin firiza. Yadda ta daskare haka al'amuransa za su daskare, ba gaba ba baya, sai abin da mai firizar ya ga dama. Ya ce in duba tamu. Na ce mu ƙaramin firji gare mu, ko rabin rigar ba zai ci ba. Sai ya tambaye ni sana'ar surukata.

Kin tuna Hajiya, mahaifiyar Bushira, ƙanƙara da zoɓo take sayarwa a Williamsville. Firizarta kuwa ƙatuwa ce, mutum ya kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Kuma kwanan nan ƙanwar taki ba ta kwana biyu ba ta hau woro-woro, tasin garin nan, ta ce za ta gaishe da Mama ba.

Ba na so in yarda. Matar nan ɗa ta ɗauke ni tun ranar da na fara zuwa gidanta. Amma rigar ba ƙafa gare ta ba. Ranar Lahadi zan raka Bushira gaisuwa.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Abdulbaqi

*

Treichville, Abidjan

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Mun je. Gidan irin na haya ne mai tsakar gida ɗaya, ƙofofi a jere, mata na wanki, yara na guje-guje. Na gaishe da Hajiya a durƙushe. Da suka shiga ɗaki ita da Bushira, na tashi kamar mai neman ruwan sanyi na ɗaga murfin firizar. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙullin zoɓo, ga wani abu shimfiɗe a kan kwali, an naɗe shi da farin ƙyalle, an sa a leda an liƙe bakin ta ko'ina. Ta gefe na hango saƙin.

Daga nan ban san kaina ba. Na fizgo ta, na yage ledar da haƙori, na fito tsakar gida na kakkaɓe rigar da ƙarfina, ina ta a'uzubillahi, wai in karya abin da aka ƙulla. Ƙarar da na ji ba zan manta ta ba. Shafin alharinin ya zube a ƙasa kamar busasshen ganye, rigar ta tsage daga aljihu har ƙasa. Kafin in ankara ta fara gumi a hannuna, ta jiƙe sharkaf, shunin ya soma bin farin ɗinkin.

Ihun Bushira ne ya fito da mutanen gidan. Ni kuwa maimakon in yi shiru, a gaban kowa, a gaban Hajiya, na ce su faɗa min wane boka ne ya ba su wannan aikin. Da bakina na faɗa, Yaya. Hajiya ta ja mayafinta ta koma ɗaki ta sakaya ƙofa.

Bushira ta durƙusa tana tsince alharinin daga siminti ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a gefen zaninta. Ba ta ɗago ta dube ni ba, a haka ta yi bayanin, da Hausa zalla, ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ta sa ba. Asu ya riga ya ci bayan rigar, ƙwansa na cikin ɗinkin, kafur ba ya kashe ƙwai. Ƙwarin cikin kwalbar malamarsu ta kai wa ta duba. Abin da aka koya musu ke nan a makaranta, a liƙe tsohuwar tufa a daskarar da ita har ƙwarin da ƙwansu su mutu, sannan a fito da ita a bar ta cikin ledar ta huce a hankali, don tsohon alharini in ya yi sanyi ko taɓa shi ba a yi. Gobe ta yi niyyar fito da ita, jibi ta mayar akwati ba tare da na sani ba, tunda na hana ta taɓawa kuma ta kasa zuba ido rigar ta ƙare. Sunan kaka kuwa, ta ce darasinsu na farko shi ne a rubuta sunan duk wanda hannunsa ya taɓa abu, in ba haka ba wata rana jikoki za su ɗauka tsumma ne.

Sai ta ce in ajiye rigar a kan kwalin in tafi. Na ajiye na tafi. Ba ta biyo ni gida ba.

Rigar ta fita daga firiza, kwantena kuwa tana nan inda take. Rubutun shan da kika ce za ki karɓo min wurin Malam, ki bar shi.

Abdulbaqi

*

Treichville, Abidjan
Ƙarshen damina

Zuwa ga Yayata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam da yara. Na ga takardarki. Ki daina cewa laifinki ne, ke shawara kika ba ni daga nesa, ni ne nake kwana ɗaki ɗaya da ita na kasa buɗe baki in tambaya.

Har yanzu tana gidansu. Na tura manya, Hajiya ta karɓe su da mutunci, ta ce ita ta yafe, amma zancen komawa na mai ɗakin ne. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je Williamsville. Hajiya ta amsa gaisuwata, ta sa a kawo min zoɓo mai sanyi daga firizar nan, in shanye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Bushira ina jin motsinta a ɗaki, ba ta fitowa.

Shekaranjiya wanta Imrana ya kawo min rigar cikin wani faffaɗan kwali, a shimfiɗe kan farin ƙyalle. Ta ɗora tsagar a kan wani siririn yadi ta baya, ta bi ta da ɗinki ƙanana-ƙanana, da ƙyar ido ke kama su. Amma zaren da ta sa bai yi daidai da launin saƙin ba, ya ɗan fi shi haske, duk wanda ya matso zai ga inda ta yage tun daga aljihu har ƙasa. Na ce wa Imrana ko zaren ne ba ta samu ba, in shiga kasuwar Treichville in nemo. Ya ce shi ma ya tambaye ta, ta ce da gangan ne, a aikinsu ba a ɓoye gyara. Ta kuma ce a faɗa min kada a ninke ta, kada a rataye ta, kuma ba za ta sake sawuwa ba. Ni da nake ajiyarta don in sa ranar sunan ɗanmu na fari.

Na tambaye shi ko ta ce wani abu game da ni. Ya sosa ƙeya ya ce a'a.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. Don Allah ki je wurin Kawu Zaharadeen da kanki, tun yana da sauran tunawa, ki tambayar min sunan wanda ya yi wa rigar nan ɗinki, da unguwarsu in ya sani. Sunan kaka ina da shi, ban taɓa mantawa ba. Na mai ɗinkin ne ya rage cikin tambayoyinta. Ki ba Kailu amsar a tafiyarsa ta gaba, kada ki jira wata. Ba ni da wani abin da zan riƙa in tsaya da shi a ƙofar ɗakinta sai wannan.

Ƙanenki mai jiran amsa,
Abdulbaqi