Sunan da Na Ƙi Kira a Gaban Lasifika

Da sunan Allah. Ni Maikano, mazaunin McLeansville a nan ƙasar waje, da hankalina garau nake wannan magana, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Ban yi boko ba, maƙwabcina Hamidou ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini zance. Yau tara ga Maris, 1996.

1. Safwan, Najib, 'ya'yana, gida da mota a raba yadda addini ya ce. Wanda ya kawo lauya, ban yafe ba.

2. Maganar yayarku. Shekara uku rabonta da gidan nan, ga dalili. Ranar da manyan gari suka yi taron karrama mata baƙar fata, aka ba ta lambar yabo saboda mata masu ciki da take kaiwa asibiti a motarta bayan ta tashi daga aikinta na nas. Aka miƙo mini lasifika, wai in kira sunanta in yabe ta. Na mayar musu da abinsu na zauna. Ta yi kuka a gaban mutane. A garinmu can gida uba ba ya kiran sunan 'yar fari, balle ya yabe ta a bainar jama'a. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ita a nan ta tashi, ba wanda ya gaya mata, ni kuma taurin kai ya hana ni.

3. Masu taron ma ina da ƙorafi a kansu, har gobe. Marigayiya Bebi, mahaifiyarku, shekara goma sha shida tana ɗaga kwalaye a sito a Wendover har bayanta ya lalace. Da wannan gumin ta karantar da nas ɗin da suka tafa wa. Ko mutum ɗaya bai ambace ta ba. Duk wanda Allah ya ba 'ya mace a cikinku, ya sa mata sunanta.

4. Hamidou, rubuta da manyan baƙaƙe: RUWAIDA. Ruwaida 'yata, kin yi aikin da ni ban yi ba. Ranar nan zuciyata cike take da farin ciki, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ki yafe mini.

Safwan, kada ka jira sai an binne ni. Ka kai mata takardar nan gidanta a Sedgefield yau, ka tsaya har ta karanta.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya jiƙan mahaifiyarku. Ku riƙe juna. Bayana, yayarku ce babba a gidan nan, ku bi maganarta.