Babban Yatsana da Kaskon Baba Hammadu

Zuwa ga Daraktan Mulki na ma'aikatarmu,
Gombe.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina yi maka barka da sanyi, duk da na san gaisuwar ba ta shafe ka sosai ba tunda motarka tana da gilashi.

Sunana Manu Bappa, daga sashen ajiyar fayil. Idan sunan bai tuna maka kowa ba, ni ne dattijon nan mai baƙin keke da ake tararwa a bakin ƙofa da sassafe. Keke nake nufi mai ƙafa biyu wanda ake tuƙawa da ƙarfin gwiwa, ba mai ƙafa uku da ya ƙwace sunan yanzu ba. Da bazara ana gane ni daga nesa. Da sanyi kuwa ko mai ɗakina sai ta duba da kyau: hular sanyi har gira, rawani a wuya, suwaita biyu a ƙarƙashin kaftani, jaket ɗin gwanjo a sama, ga safar ƙafa a hannu.

Na rubuto a fili ne saboda sunana ma a fili aka liƙa shi. Makon jiya aka manna takarda a allon sanarwa, ɗauke da sunayen waɗanda na'urar dangwala yatsa ta ce ba sa zuwa aiki. Aka ce duk wanda bai kare kansa ba kafin ƙarshen wata za a tsayar da albashinsa, a jefa shi cikin ma'aikatan bogi. Sunana yana ciki, saura mini kuma shekara biyu in yi ritaya. Ga kariyata.

1. Ina zuwa aiki, ranka ya daɗe. Ba ma zuwa kawai ba, ina riga kowa. Da na idar da asuba na sha koko, sai in fito da keke daga Pantami, in bi ta gefen filin wasa in gangaro. Mai keke ba ya jiran kowa kuma ba ya bin layin mai, shi ya sa nake isowa tun masu shara ba su ajiye tsintsiya ba. A da ina alfahari da wannan. Har nakan tsaya a bakin ƙofa ina gaida masu motoci ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina wani babba, alhali hancina na zuba.

2. Matsalar a gangara take. Inda kowa ke ganin mai keke ya huta, nan iska take samunsa. Tana ratsa safar ta shiga ƙashi, kafin in iso yatsun sun ƙage a kan birki sai na ɓamɓare su da ɗaya hannun. Babban yatsana na dama, wanda da shi aka yi mini rajista, ya yi kaushi ya tsattsage, ya ƙanƙance kamar busasshen dabino. Idan na ɗora shi a kan na'urar sai ta yi ja ta yi ƙara. In sake, ta sake. Na'urar kuma tana rufe karɓar safiya da ƙarfe takwas da rabi, wanda ya dangwala bayan nan da wanda ke kwance a gida duk ɗaya ne a wurinta. Yatsana ba ya dawowa hayyacinsa sai wajen ƙarfe goma. Sai in koma gefe ina kallon waɗanda na riga zuwa suna fitowa daga mota da hannu mai ɗumi, su taɓa sau ɗaya ta yi kore, su wuce suna ce mini sannu. Na kai kuka wurin jami'in da ke kula da ita, ya ce, "Baba, sistem ba ya ƙarya." Ban yi masa musu ba, domin ni ma ranar da na ƙura wa yatsan ido ban gane shi ba.

3. Bara ba a yi wannan rigimar ba, alhali na'urar tana nan, sanyin ma yana nan. Dalili shi ne kaskon Baba Hammadu maigadi. Duk wanda ya daɗe a gidan nan ya san da sanyi ya kama, Baba Hammadu yakan hura gawayi a wani tsohon kasko a bayan ɗakin gadi. Ni mai keke da masu babur da masu tafiyar ƙasa a nan muke fara yada zango. Ya gaishe ni da Fulatanci, ya matsa mini a benci, in miƙa hannu bisa garwashi har sai yatsan ya fara ƙaiƙayi. Wannan ƙaiƙayin shi ne alamar ya farfaɗo. Daga nan sai in ruga in dangwala tun bai huce ba, na'ura ta yi kore, kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan tsari a takarda, amma da shi rabin ƙananan ma'aikatanka suke shiga aiki.

A farkon sanyin bana ka ba da umarni a daina hura wuta a harabar ma'aikata, saboda hayaƙi yana ɓata sabon fenti kuma wurin ya koma majalisa. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Bangon ya yi baƙi, kuma lallai an sha hira a wurin, ni ma ina cikin manyan masu baki. Masu babur suka koma ɗumama hannu a jikin inji, masu tafiyar ƙasa dama hannunsu a aljihu yake. Keke ba shi da inji, kuma ba a tuƙa shi da hannu a aljihu, sai aka bar ni ni kaɗai.

4. Kada a ce na zauna ban yi komai ba. Na fara da cusa hannu a hammata ina tsaye a layi, amma kafin ɗumi ya ratsa suwaita biyu lokaci ya ƙure, ga mata suna kawar da kai. Na koma shafa basilin. Ranar yatsana bai shiga ba, kuma duk wanda ya biyo bayana bai shiga ba sai da aka nemo tsumma aka goge gilashin, na sha harara har azahar. Daga nan Dija, mai ɗakina, ta kawo tata dabarar. Ta dafa dankali ta naɗe a tsumma da zafinsa, ta ce in sa a aljihun jaket in riƙe da hannun dama, in tuƙa da hagu. Wallahi ya yi aiki har bakin filin wasa. A nan wata akuya ta gitta, birkin kirki kuma a dama yake. Na tashi daga cikin kwata ba abin da ya karye sai ƙararrawa, ɗalibai masu tafiya makaranta suna yi mini sannu suna danne dariya. Dankalin bai yi komai ba. A gefen titi na zauna na cinye shi, tunda ranar ma an riga an makara.

Kakana makiyayi ne. A fili yake kwana tsakiyar shanu cikin irin wannan sanyi da riga ɗaya, ba a taɓa jin ya ce wash ba. Ga jikansa da furfura yana rubuta wa hukuma takarda a kan yatsa. Ina jin kunyar hakan ƙwarai, kuma da akwai wata hanya da ban rubuto ba.

5. Maganar ta riga ni isa gida. Matar wani abokin aikinmu ta gaya wa Dija a gidan suna cewa an liƙa sunana cikin waɗanda ba sa zuwa aiki. Da na dawo ta ajiye mini abinci, ta zauna, ta ce, "Malam, to in ba ofis kake zuwa ba, dankalina wa kake kai wa?" Muka yi dariya tare. Amma da ta juya na ga tana share ido da bakin mayafi, don ta san abin da tsayar da albashi yake nufi a gidan da ba shi da wata ƙofa. Ni ma tsoro nake ji, ranka ya daɗe. Na ƙarar da ƙuruciyata a ɗakin fayil ɗin nan. Ban tara komai ba sai suna guda, cewa Manu ba ya fashi kuma ba ya makara, shi nake so in tafi da shi gida. Ban yarda a karɓe shi a kan gilashin da bai kai faɗin akwatin ashana ba.

6. An ce kowa ya kawo shaida. Baba Hammadu ya ce zai tsaya mini, amma na san za a ce abokina ne. Saboda haka na zaɓi shaidar da ba mai iya turewa, wato kai. Ranar Litinin ɗin da aka zo duba fenti ka yi sammako, ka tarar da ni ni kaɗai a bakin ƙofa ina jingine keke. Ka yi mini karamci ka miƙo hannu, na tuɓe safa na ba ka nawa. Ka zabura ka janye, ka ce, "Subhanallahi! Malam, lafiya kuwa?" Sannan ka tura hannunka cikin aljihu, ba ka fito da shi ba har ka shige ofis. Ka sa a duba, ranar tana cikin ranakun da aka rubuta ban zo ba.

Roƙona ga shi. A cire sunana daga allon nan kafin ƙarshen wata, kuma a cire shi da rana kowa na gani, kamar yadda aka liƙa shi. A bar Baba Hammadu ya mayar da kaskonsa, ko da a can bayan katanga ne inda hayaƙi ba zai taɓa fenti ba. Na ɗauki alkawarin daga ɗumama yatsa ba zan ƙara ko kalma ɗaya ta hira ba, duk da na san wannan zai fi sanyin wuya. Idan kasko ya gagara, to a ba wani izini ya riƙa ganina da ido yana shaidawa har sanyi ya wuce.

Idan kuma duk wannan bai samu ba, gobe ma ina nan bakin ƙofa kafin kowa in Allah ya kai mu. Ka sa direba ya tsaya, ka sauke gilashi mu sake gaisawa. Abin da hannunka ya ji ranar nan shi na'urar take ji kullum, ita dai ba ta da aljihu ne, kuma ba ta iya tambayata ko lafiya.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Allah kuma ya kiyashe ka hawa keke a gangarar Pantami da sanyin safiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Manu Bappa,
Sashen ajiyar fayil.