Takardun Wutsiyar Jirgin Ɗanliti

Litinin, 8 ga Maris, 1976
Malam da sauƙi, tarin dai. Safara'u abokiyar zamana lafiya lau. Akuyar nan ta ƙi cin dusa. Ni ƙafa ce. Ɗanliti autana kuwa jikinsa lafiya, kansa ne ban sani ba.

Yau na leƙa zauren da ya kulle tun dawowarsa daga Kaduna. Innalillahi! Ashe jirgin sama yake ƙerawa. Katako, kwanon rufi, injin ƙaramar mota, da fukafukai har suna taɓa bango. Na zauna a ƙasa.

Laraba, 10 ga Maris
Na ce, "Kai, wa zai shiga wannan abu?" Ya ce, "Ni mana, Inna." Yana dariya!

Wai zanen jirgin wani Baturen da ya yi wa kanikanci ne ya bar masa shi. Shafi ashirin. Uku sun ɓace, na wutsiya. Ya ce da ka zai yi ta. Da ka!

Asabar, 13 ga Maris
Malam ya ce a ƙyale shi, ko kaza ba za ta tashi da wannan nauyi ba. Amma da aka tada injin, iskarsa ta kwashe shanyar Safara'u har bayan katanga.

Lahadi, 14 ga Maris
Ina goge kwanonin jere, sai ga takardu biyu masu kauri shimfiɗe a ƙasan fanteka. Na karanta lambar da ke gefe. Sha huɗu. Sha biyar.

Ni ce. Bara na kwashe su daga ƙarƙashin gadonsa. Lokacin ban shiga yaƙi da jahilci ba, takardar da ba ta Larabci ba duk ɗaya ce a wurina. Ta ukun, na tuna, da ita na ƙunshe yajin jegon Lauratu ƙanwata, can Ruwan Godiya.

Na mayar, na rufe. In babu su ai dole ya haƙura.

Talata, 16 ga Maris
Bai haƙura ba.

Juma'a, 19 ga Maris
Ya sa ranar tashi. Juma'a mai zuwa bayan masallaci, a busasshiyar fadamar bayan Mairuwa. Na ɗauko takardun a ɓoye na tsaya daga ƙofar zaure ina dubawa. A zane waya huɗu ke riƙe da wutsiya. Tasa biyu. Na ƙirga sau uku.

Ashe ɓoyon da nake yi shi zai kashe mini shi.

Asabar, 20 ga Maris
Na miƙa masa takardun. Ya daɗe yana kallon zoben da gindin fanteka ya bari. Bai yi faɗa ba. "Inna, ke kika karanta lambar?" Na ce ni. "To ina sha shida? Ita ke nuna maɗaurin wayoyin." Ya yi alkawari zai jira ta har ranar, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba.

Da yamma na riƙe masa bakin waya. Don kada ta yanke shi ne kawai.

Lahadi, 21 ga Maris
Wasiƙata ta farko da hannuna. Gide direba ya tafi da ita:

"Lauratu, bayan gaisuwa, takardar yajinki. Ko ta yage, ko yaji ya cinye rabinta, ki aiko mini. In kin hura wuta da ita, ki faɗi gaskiya in san abin yi. Ki nemi mai karanta miki yau ɗin nan. Amsa ta same ni kafin Alhamis, don girman Allah."