Koriyar Suwaitar Clive

Asabar, 9 ga Maris

Sai da na ga koriyar suwaitar a allon sinima na gane abin da aka yi mini. Ni na saƙa wa mijina Clive ita, hannun hagu ma ya fi na dama tsawo. A fim ɗin kuwa tsohuwar budurwarsa Odette ce ke saƙa ta a mashayar Balmain, ta zura masa, ta sumbace shi. Cikin 'yan kallo har da masu share hawaye.

Fim ne na rayuwarsa, shi da abokansa marubutan da, masu gashi buya-buya, masu zagin gwamnati da aure da aikin albashi. Na zauna har ƙarshe ina jiran in ga kaina. Wata mata ta shigo da shayi, ta fita. Ba suna. Ina jin ni ce.

Yaya Glenys ta zungure ni. "Ke Noelene, ai ko kin iya riƙe tire." Ban yi dariya ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Clive ko shekara bai yi da mutuwa ba.

Odette ɗan zama suka yi, ta gudu Landan. Ni shekara talatin da ɗoriya. Ni ke masa wanka lokacin da ya daina gane hanyar banɗaki. Wannan ba ya kyau a fim, ko?

Laraba, 13 ga Maris

Na kira Saskia, yarinyar da ta shirya fim ɗin. Ita ta zo har gida bayan rasuwar, ta sha shayina, ta roƙi aron suwaitar. "Mama, kamar ƙwai za mu riƙe ta." Na ba ta ba wanki, don warin tabarsa da na kifi yana jiki.

Yau cewa ta yi, "Mama, wallahi daga littafinsa muka ɗauko komai."

Na ce, "Ƙarya kike, yarinya. A maido mini da kayana."

Juma'a, 22 ga Maris

Suwaitar ta dawo cikin leda, a wanke, a goge. Na cusa hanci a wuyan, na cusa a hammata. Sabulu kawai.

Wa ya sa su?

Litinin, 25 ga Maris

Wani abu kuma da ke cina. Kafin ya mutu ya riƙe hannuna ya ce, "Noe, in an ƙone gawata, ki zuba tokata a tekun Bundeena, can na fi jin daɗin duniya." Na yi alkawari. Na ɗauka don kamun kifinmu ne, ni da shi, da soyayyen dankali a takarda. A fim ɗin, a Bundeena bukkarsu take shi da Odette.

Talata, 2 ga Afrilu

Na ɗauko littafin. Ban taɓa gama ko ɗaya cikin littattafansa ba, karatuna bai yi nisa ba, shi ma yakan ce, "Bar su, Noe, ciwon kai ne." Na bi layi-layi da yatsa har na samu.

Saskia ba ta yi ƙarya ba. Shi ya rubuta. Odette ta saƙa, in ji shi, har da dogon hannun, wai don hankalinta na wajen soyayya. Ni kuwa zare ne na ƙi yankewa don kada ya lalace.

Na tuna lokacin sanyin da ya rubuta littafin nan. Suwaitar na jikinsa, ni ina kicin ina soya masa ƙwai. Yakan ɗaga murya, "Noe, shayi!" Ni kuma in kawo.

Ashe matar nan mai tire ma shi ya rubuta ta.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Ya kamata in ba yarinyar nan haƙuri. Ba yau ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Sanyi ya shigo. Na warware dogon hannun, na rage shi daidai nawa. Don sanyi ne kawai, ba wani abu ba.

Yaya Glenys ta zo, ta kalle ni sama da ƙasa. "Iye! Ga tauraruwar fim. To yaushe za mu kai gogan naki Bundeena? Motata da mai."

Na ce a bari iska ta lafa. Ta leƙa taga, ko ganye ba ya motsi. Ta ɗora ruwan shayi da kanta.

Na ɗauke tulun tokar daga gefen gadona, ina shara ne. Yana ɗakin wanki, kusa da sabulu. Ban maido shi ba tukuna, kuma ban kai shi Bundeena ba.