Na Cika Biyar

Fagge, daren Talata, kakar 1954

Yau heluma, shugaban leburori, ya tsayar da ni a gaban sauran leburori ya ce, "Malam Audu, tunda zazzaɓin nan ya kwantar da kai wata uku, buhun gyaɗa ya fi ƙarfinka. Ka koma gadi." Aka yi dariya. Ni da na yi dakon akwatunan harsashi a dajin ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya za a miƙa wa sanda da fitila?

Daga can na wuce Sabon Gari wurin Okoro bakanike, abokina tun muna soja. Ya haɗa mini sandar ƙarfe da tsofaffin ƙarafunan mota biyu, irin wadda muke ɗagawa a bariki don ƙara ƙarfi. Da ƙyar na kawo ta gida.

Bayan isha'i na ɗaga sau huɗu. A na biyar ƙarfen ya kuɓuce mini ya fasa tulun matata Hajara. Ta leƙo ta ce, "Malam, so kake ka sake kwanciya?"

Na ce, "Kwanciyar nake gudu."

Na share ɓaraguzan tulun, na koma na cika biyar ɗin. Yanzu alƙalami ma nauyi yake mini, amma gobe shida zan ɗaga.