Umarar da Na Ɗora wa Mardiya

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Yau Mardiya ta faɗa mini abin da suka shirya ita da Nu'uman. Saura kwana ashirin da shida ɗaurin aurensu. Ina tsintar zogale a tsakar gida ta zo ta durƙusa, ta miƙo mini waya. Jirgin ruwa ne, fari, hawa bisa hawa, kamar an ɗauki babban asibiti an ajiye bisa ruwa. Wai a ɗaura aure Asabar, a kai ta gidansu ango a Kurfi, Talata su tashi zuwa Masar, su shiga wannan abu su yi kwana bakwai a Bahar Maliya. Ba fatauci, ba ziyara, ba neman magani. Yawo kurum.

Na ce kwana bakwan da amarya ke yi a ɗaki fa? Ta ce, "Umma, ai akwai ɗaki a ciki." Har da murmushinta.

Na ga wurin ninƙaya a samansa, fili, maza da mata. Na kife wayar bisa tabarma.

Ni na yarda ɗiyata ta auri mai aikin tashar jiragen ruwa a Legas. Ga shi nan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Malam, mahaifinta, ya ce shi babu ruwansa. "Da an shafa fatiha ta zama matarsa. In ya ga dama ya kai ta duniyar wata." Na ce mutane fa? Ya ce, "Waɗanne? Naki na ranar Asabar?"

Ya san inda ke mini ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina karantar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Shekara uku baya, da Halimatu ɗiyar maƙwabciyata Rabi ta bi angonta otal a Abuja, ni ce na tsaya gaban aji na ce amaryar da ta fara aurenta bisa gadon haya kada ta yi mamaki in albarka ta zo gida ta tarar ba kowa. Ban ambaci suna ba. Ba sai na ambata ba. Rabi tana sahun gaba, tana murza bakin hijabinta. Maganar ta yi mini daɗi a ranar, har na maimaita wa Malam.

Halimatu kuwa a ƙasa ta tsaya. Tawa har ruwa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bayan an tashi karatu mata suka kewaye ni da zancen biki. Wata ta ce ta ji amarya za ta hau jirgi. Na ce e, za su yi tafiya. Ina? Na ce can gabas, wajen Bahar Maliya. Sai wata daga baya ta ce, "Allahu akbar, Umara ke nan."

Na ce, "In sha Allahu."

Iyakar abin da na ce ke nan. Kalma uku. Aji ya ɗauki kabbara. Suka ce ɗiyar Malama ai sai haka, wasu na kai amarensu otal, ita ɗakin Allah za ta fara da shi. Rabi tana ɗaura takalminta, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ban ce Umara ba. Su suka ce.

Talata, 14 ga Oktoba

An fara zuwa. Tun hantsi mata huɗu. Mai son zamzam, mai son dabino, mai son a shafo mata Ka'aba da ɗankwalinta. Na karɓi ɗankwalin. Da hannuna na karɓa, na ce Allah Ya nufa. Allah Ya sa Mardiya tana asibiti wurin aiki.

Ina ta cewa gobe zan gyara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Iya Hasana ta zo, wadda ke kawo mini nono daga Makera tun Mardiya tana goye. Yau ba nono ta kawo ba. Kwalbar man shanu ce, ta ce guzurin amarya. Ta zauna bakin ƙofar ɗakina, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta fito da maganar. Ɗanta Lado. Shekara huɗu da ya kora shanu kudu, ba shi ba labarinsa. Ba gawa, ba saƙo. Matarsa na zaune da 'ya'ya biyu, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba.

"Malama, ni ban iya rubutu ba. Rubuta mini sunansa a takarda, amarya ta riƙe. In ta ga ɗakin nan da idonta, ta kira shi. Ko yana raye ko ba ya raye, mu dai mu sani."

Na yago takarda daga wannan littafin. Na rubuta Lado ɗan Hasana. Ta ce in ƙara Makera, kada a ruɗe da wani Ladon. Na ƙara. Ta karɓa ta duba kamar mai karantawa, ta maido mini da hannu biyu.

Da ta tafi na kasa cin tuwo.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mardiya ta ji. Ta dawo aiki ko farar rigarta ba ta tuɓe ba. "Umma, wai Umara za ni?" Mata uku suka tare ta a asibiti, kowace da abin da take so a roƙa mata.

Na ce me kika ce musu? Ta ce, "Na ce su tambaye ki."

Na fara faɗa. Na ce da ba ta jawo mini abin kunya ba da bakina bai zame ba. Ta bari na gama. Sai ta ce, a hankali, ko na tuna ranar da ta fasa ƙwai tana 'yar shekara shida ta ce kaza ce. Na tuna. Da tsintsiya na dake ta, na ce ba don ƙwan ba ne.

"Ni ba zan tona ki ba, Umma. Amma ba zan sayo dabino a Kano in ce na Madina ne ba."

Ashe ta san abin da ke raina. Na riga na yi tunanin dabinon.

Litinin, 20 ga Oktoba

Nu'uman ya zo gaisuwa daga Kurfi. Na sa Malam ya tambaye shi ko za a iya haɗawa da Umara, tunda hanya ɗaya ce. Ina bayan labule. Ya ce hutunsa mako biyu ne kacal, jirgin kuma ba ya tsayawa Jidda. Sai ya juyo da murya wajen labulen: "Umma, in ranki bai kwanta ba, a fasa jirgin. Ba zan fara zama da ita da ɓacin ranki ba."

Yaro mai ladabi. Da ma mara kunya ne.

In na ce a fasa, shi ke nan, na huta. Sai in ce wa mata an ɗaga Umarar, biza ta ƙi. Ƙarya ta biyu ta rufe ta farko, kowa ya koma harkarsa. Bakina har ya buɗe.

Na ce zan yi tunani.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na shiga ɗakinta neman almakashi. Dogayen riguna bakwai a jere bisa gado, kowace har ƙasa, da mayafinta. Ita ta zaɓi yadin. Ta ce ɗaya kowace rana. Ta nuna mini ɗakin da suka kama, ƙarami, da taga mai kallon ruwa. Nu'uman ya rubuta wa masu jirgin cewa kifi da ganye za su ci, kada a sa musu abin da ba su sani ba.

Ba ta tambaye ni me na yanke ba. Abin da ta tambaya: kwana bakwai bisa ruwa, ƙasaru za su yi ko cikawa? Kuma ruwan gishiri yana alwala? Na zauna bakin gado na yi mata bayani, na ce ruwan teku mai tsarki ne. Tana rubutawa a waya. Rabon da ta tambaye ni karatu tun tana sakandare.

Wurin ninƙayar, ta ce, "Umma, ni da ko dam ɗin Zobe ban taɓa sa ƙafa ba."

Na aika wa Malam ya gaya wa yaron su yi tafiyarsu. Ban ce na yarda ba. Na ce su yi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Darasin yau ya faɗo kan alamomin munafuki. Na duba shafin, na duba mata, na ce an kusa biki kaina na ciwo, mu yi tilawa.

Matsoraciya.

Talata, 28 ga Oktoba

Na hau kabu-kabu zuwa Makera da takardar da kwalbar man. Hanya duk dammunan gero. Na tarar da Iya Hasana tana sussuka, ta yar da taɓarya ta shimfiɗa mini tabarma, tana ta murna Malama da kanta.

Ban bari ta kawo ruwa ba. Na ce Iya, babu Umara. Yawon amarci za su a jirgin ruwa, ko kusa da Makka ba za su je ba. Na san haka ranar da na rubuta miki sunan.

Kaji suka taru kan geron ba ta kore su ba. Sannan ta ce, "Ashe ke ma, Malama."

Na miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba. Ta ce ta riga ta gaya wa matar Lado, yarinyar har kitso ta yi ranar. "Ni ba ni iya maido mata da wannan magana. Ga ɗakinta can. Bakin da ya ɗaura shi ka kwancewa."

Na je. Yarinya ce ba ta kai Mardiya ba. Ta durƙusa tana gaishe ni, ni kuma ina tsaye da abin da na zo da shi. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba komai, Malama," ta ci gaba da tankaɗe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da zan tafi Iya ta raka ni bakin hanya. Ta ce ruwan nan da za su shiga, mai nisa ne? Na ce ƙwarai. Ta ce, "To ai matafiya ne. Ina jin ki ta taga in na kawo nono ranar Asabar. Ke kika ce addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa. Ko ita ma ba haka ba ce?"

Na ce wannan kam haka ne.

"To ta tafi da shi. Ta kira shi bisa ruwan."

Man shanun ta karɓe abinta. Ta ce don Makka ta tara shi, za ta jira mai zuwa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na shiga gidan Rabi, na fara kame-kame. Ta ce in zauna, ta sani. Halimatu ce ta raka Mardiya wurin tela, tun kafin ni in ji ta ji. Ranar da aji ke kabbara tana sane.

Na ce me ya hana ki magana? Ta ce, "Na san yadda sahun gaba yake."

Na nemi gafararta, har da ta wancan karon. Ta ce ita ta yafe tuni, amma Halimatu wata uku ba ta shigo unguwar nan da rana ba, wannan sai in nema wurinta. Ta ba ni lambarta.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ranar lalle, gida cike. Na tashi tsaye na faɗa wa mata babu Umara. Muryata kamar ba tawa ba. Na mayar wa mai ɗankwali ɗankwalinta. Wata ta yi dariya ta toshe baki. Wata ta ce, "To Malama, a jirgin akwai gadon haya?" Na koma na zauna. Biyu sun tafi ba su ci abinci ba.

Mardiya na cikin lulluɓi, hannuwa a ɗaure da lalle. Ban ga fuskarta ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An ɗaura. An kai ta Kurfi. Gidan ya yi faɗi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Sun biyo ta nan da safe kan hanyarsu ta Kano. Amaryar kwana uku a ƙofar gidan ubanta, a gaban mota, unguwa na leƙe. Na fita duk da haka. Na ba ta takardar Iya Hasana, na ce ta kira shi kullum bayan salla, da sunan garinsu. A ƙasan sunan akwai sauran fili, na ɗan ƙara tawa buƙatar jiya. Ta buɗe ta karanta, ta ɗago ta dube ni. Na ce rana na yi, ku kama hanya.

Har yanzu ina ganin amarya ɗakinta ya fi mata. Wannan ban sauya ba.

Na kira Halimatu, ba ta ɗauka ba. Gobe in sake.

Da azahar na ɗauko tsohon littafin taswirarmu na sakandare, don kawai in ga inda za a kai mini ɗiya. Na aza tsinken tsintsiya daga Katsina zuwa Makka. Ta kan ruwan nan ya bi. Ashe shekara da shekaru, sau biyar a rana, shi nake fuskanta.

Na ɗan daɗe bisa sallaya yau. Ƙafata ce ke ciwo.