Makon Da Inno Ta Shanya Mai Gadi

Asabar, 1 ga Agusta, 1992

Gwandu. Yajin aikin jami'o'i ya ƙi ƙarewa, an ce kowa ya bar ɗakin kwana, na tattaro shekara huɗu na rayuwata cikin kwali biyu na dawo gida. Inno, mahaifiyata, ta dubi kwalayen, ta dube ni, ta ce, "Wanga shi ne karatun?" Na ce shi ne. Ta ce ta zaci ya fi haka girma.

Dakta Abdulgani, mai duba aikina, zai bar ƙasar ƙarshen Oktoba. In ban kare kundina kafin nan ba, babu wani a sashenmu da ya san wannan fannin. Sai dai in rataye allon na'urar da na haɗa a bango kamar hoto.

Na sa wa ɗakin baya sabon kwaɗo.

Talata, 4 ga Agusta

Liman ya tambaye ni abin da nake karantawa. Na yi masa bayanin da nake yi wa kowa: yawancin kwamfutoci da umarni ake tsare su, umarni kuwa ana iya yaudararsa. Ni a jikin ƙarfen na gina tsaron. Tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ma'ajiyarta na dasa mai gadi, duk wanda zai taɓa wani abu sai ya bi ta gabansa. Jerin masu izini na ƙone shi, wato na rubuta shi da lantarki, cikin ƙananan aisi guda biyu, 'yan ƙwayoyin nan masu ƙafafu irin na bayan rediyo. Ɗaya na nufin wuce, sifiri na nufin koma. Mai gadina ba ya jin roƙo, ba ya da ƙanin uwa.

Liman ya ce Allah ya ba da sa'a. Da murya irin wadda ake gaida mara lafiya.

Alhamis, 6 ga Agusta

An kawo wuta awa biyu. Na kunna, komai lafiya. Fitila ja ta hana, koriya ta bari, kowacce a lokacinta.

Inno ta tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar nono. "Mi ke ciki da ba a son a gani?" Na ce kaya ne masu laushi, kada kowa ya taɓa. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na san shi tun ina firamare.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan" in da baƙi. Mun saba. Ba ta tambaya sau biyu, ni kuma ba na amsa abin da ba a tambaya ba.

Litinin, 10 ga Agusta

Binta ta haihu jiya a Kalgo, namiji, na uku. Gwiwoyin Inno ba za su ɗauki mota ba, don haka ni aka tura in zauna da ƙanwata har suna, tunda "ba ki da aikin yi". Na rufe allon da leda, na ɗora kan tebur tare da faifan ajiya na kwamfuta da littafin lissafina. Makulli na cikin jakata.

Alhamis, 13 ga Agusta

Kalgo. Ruwan zafi, kunun kanwa, 'yan barka. Kowace mace da ta shigo tana da ra'ayi kan hancin jariri da kuma kan shekaruna.

Na tsere shagon Kawu Bawa, ƙanin Inno, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Shi kaɗai a dangi ya taɓa tambayata wace irin darma nake amfani da ita. Na zana masa mai gadin a bayan takardar sigari. Ya daɗe yana kallo.

"To ɗiyata, in shi mai gadin ya yi barci hwa?"

Na ce ƙarfe ba ya barci. Ya ce shekararsa talatin yana tashin ƙarfe daga barci, da shi yake ci da iyali.

Lahadi, 16 ga Agusta

Suna. Yaro ya ci Hamidu. An yi ruwa tun safe, ragon ma a rumfa aka feɗe shi.

Laraba, 19 ga Agusta

Ruwa ya cinye kwalbati a hanya, babu mota. Binta ta ce Allah ne ya ga gajiyarta.

Juma'a, 21 ga Agusta

Gwandu. Zan rubuta yadda na gani, bi da bi.

Tsakar gida cike da shanya: katifa, barkono, tabarmi, buhun gero a baje. A tsakiya, kan babban faifan kaba, allona. Ido biyu da rana.

Ruwan da aka yi ranar da na tafi ya huda rufin ɗakin baya. Inno ta ga ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ɗauko taɓarya ta yi wa kwaɗon bugu biyu. Ta kwashe komai. Abin da ya jiƙe a gidan nan hukuncinsa ɗaya ne tun zamanin kakanni, a shanya shi. Kwana goma tana fito da allon da hantsi, tana mayarwa in hadari ya taso, tana juya faifan yadda rana ke juyawa, kamar kuka ko kuɓewa.

Kowace aisi tana da 'yar taga ta gilashi a bayanta, da na liƙe da takarda. Ta wannan tagar ake goge abin da ke ciki, da haske mai ƙarfi. Takardun sun jiƙe, sun fara baƙi. Inno ta ɓamɓare su da farce, ta goge gilashin da bakin zane har yana ƙyalli.

"Na ga idanunsu sun rufe da dauɗa," in ji ta. "Yanzu ga su tas."

Na ce, "Na gani." Ban ɗaga murya ba. Na fi so da na ɗaga.

Faifan ajiya ya sha laka, ya tafi.

Asabar, 22 ga Agusta

Wuta ta zo da azahar. Allon ya bushe sarai, a nan dai ba a ci amanar kowa ba. Na kunna, ina jiran ya mutu a hannuna.

Bai mutu ba. Koriya. Na tura masa umarnin da ba ya da izini, koriya. Na tura na ɓarawo, wanda na rubuta musamman don a kama shi, koriya. Mai gadina yana tsaye a bakin ƙofa yana yi wa kowa sannu da zuwa.

Lahadi, 23 ga Agusta

Ba mu yi magana ba. Ta aiko mini da fura, na sha.

Talata, 25 ga Agusta

Kwana uku ina cewa laifin Inno ne. Yau da safe ina wanke fuska lissafin ya zo da kansa.

Aisi in an goge ta, duk abin da ke ciki ɗaya yake komawa. Wannan ɗan aji biyu ya sani. Ni kuma na sa ɗaya ya zama wuce. Ke nan duk wanda ya ɓamɓare takarda ya haska fitila, ya buɗe kowace ƙofa a na'urar, ba tare da ya san ko harafi ɗaya na abin da na rubuta ba. A babi na biyar na ce babu hanyar da za a bi a kauce wa mai gadin. Shafi talatin da ɗaya na hujja. Dakta ya karanta sau biyu, ya rubuta "madalla" a gefe. Mun yi tunanin ɓarawo mai digiri. Ba mu yi tunanin mace mai farce da rana ba.

Littafin lissafina na same shi a ɗakinta. Ta sa tsinken tsintsiya tsakanin kowane shafi da ɗan'uwansa don kada su manne, shafi ɗari da tara. Babu layin da ya ɓace. Duk jerin lambobin yana nan, zan iya sake ƙonawa.

Ban san a wane babi zan sa wannan ba.

Alhamis, 27 ga Agusta

Na koma Kalgo da allon, wai don Kawu ya duba mini ko tsatsa ta kama wayoyi. Gaskiya so nake in faɗa wa wani.

Ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen darma. Shi da sunanta yake kiran Inno. "Hajjo ta yi maki aikin injiniya kyauta!"

Na ce hanya biyu ce. In sake ƙona aisin yadda suke, in liƙa sabuwar takarda, in yi shiru. Mai jarrabawa ba zai zo da rana a aljihu ba, zan wuce lafiya. Ko in faɗa wa Dakta, in juya lissafin yadda gogaggiyar aisi za ta hana kowa, in sake jerin daga farko, in rushe babi na biyar. Mako takwas. In bai isa ba, Dakta ya hau jirgi, ni kuma na zama wadda ta kusa.

Kawu ya ce, "Ni dai in na rufe bayan rediyo na san da waya a sake, mai shi bai sani ba, amma duk ranar da na gan shi a kasuwa sai in sauya hanya." Sai ya jawo gwangwanin tarkacensa ya tono mini 'yar aisi mai juya ɗaya zuwa sifiri, daga cikin wata matacciyar na'urar buga takardu. Ban ce ina so ba. Na dai sa a jaka.

Asabar, 29 ga Agusta

Ina kwafe jerin a juye, lamba dubu biyu da 'yan kai. Ido na tsallake layi. Inno ta ga ina gogewa ina tsaki, ta jawo kujera, ta ɗora tsinke a ƙarƙashin layin da nake. In na ce "to", ta sauke shi ƙasa. Ba ta san boko ba, amma ba ta taɓa tsallake layi ba.

Can ta ce, "Da kin ce mani idon ba ya son rana, da inuwa zan sa shi."

Na ce haka ne.

"Kinka ce kar a taɓa. Ba ki ce don mi ba."

Na ce haka ne. Sai na yi mata bayanin duka, mai gadi, taga, ɗaya da sifiri. Ta saurara har ƙarshe, abin da Liman bai yi ba. Ta ce, "Ashe shi in ya manta, kowa nasa ne. Ai gara in ya manta ya hana har mai gida." Jimlar da na kwana huɗu ina neman yadda zan rubuta ta da Turanci.

Asabar, 5 ga Satumba

Rediyo ya ce an janye yajin aiki. Gobe zan tafi. Inno ta sa aisin biyu cikin ƙaramin kwanon samira mai murfi, ta ɗaure da tsumma. "Nan rana ba ta shiga."

Laraba, 9 ga Satumba

Na faɗa wa Dakta. Ya cire tabarau. Ya ce, "Wa ya gano?" Na ce wata mai bincike ce a Gwandu. Ya ce in bai ga sabon babi ranar goma ga Oktoba ba, ba zai sa hannu ba, kuma ba zai ɗaga tafiyarsa ba. Adalci ne.

Talata, 6 ga Oktoba

Babi na biyar ya koma shafi goma sha tara. Ya fi gaskiya, ya fi muni.

Alhamis, 22 ga Oktoba

An yi. Mai jarrabawa dattijo ne mai ƙaramar murya, ya zo da tambayoyi a rubuce. Ta huɗu ita ce: me zai faru in aka goge aisin? Na ga Dakta ya dubi silin.

Na ɓamɓare takardar da farcena a gabansu, na sa allon ƙarƙashin fitilar gogewa minti ashirin, muka zauna muna kallon juna. Na kunna. Ja. Na tura umarnin ɓarawo, ja. Na tura nawa, ja. Dattijon ya ja layi a kan tambayarsa.

Ya ce me ya sa na kira shi Gwajin Hajjo a kundin, wane ne Hajjo, a wace jami'a yake? Na ce ba ya koyarwa yanzu.

Gyare-gyare kaɗan. Na wuce.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Gwandu, kwana biyu. An gyara rufin. Na nuna wa Inno shafin da sunanta yake, na ɗora mata tsinke a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana duba, sannan ta ce a ina kwanonta yake. Na ce yana ofis, ina ajiye aisi a ciki. Ta ce ba kyauta ta ba ni ba.

Da maƙwabta suka shigo na ji tana cewa, "Waccan ta gama. Ni na kama mata." Ban gyara mata ba, babu abin gyarawa.

Na bar kwali ɗaya a ɗakin baya, na nuna mata wanda ke tsoron rana da wanda ke tsoron ruwa. Sabon kwaɗon da na saya a tasha, sai da mota ta wuce Ambursa na ji shi a ƙasan jakata.

Mantuwa ce, ina jin.